Hoton da Kaka ta Nema

Taufiq ya daɗe yana neman hanyar shiga zuciyar Bintu, kakar budurwarsa Nasiha, don a gidansu da ke unguwar Mairi ba a ba da 'ya sai tsohuwar ta yarda. Sai ya ɗauki tsofaffin hotunan gidan, Nasiha ta zuba sunayen dangi cikin fayil guda, shi kuma ya rubuta shafin kwamfuta na PHP mai laluben fayil ɗin. Kana rubuta suna, hoto zai fito.

Kaka ta gyara lulluɓin lafayarta, ta leƙa kwamfutar.

"Nuna mini shi."

"Wa, Kaka? Sai da suna yake nemowa."

Ta kawar da kai. Nasiha ta harare shi, ta ce a hankali, "Kai ma dai. Ina ka taɓa jin ta kama sunan mijinta?"

Taufiq ya janyo kwamfutar. Ya buɗe rubutun, ya sauya tambayar: a nemo mijin Bintu. Marigayin ya bayyana yana saurayi, hularsa a karkace.

Kaka ta daɗe tana shafa gilashin.

"Ya fi ka kyau," ta ce. "Nasiha, kawo wa angon naki shayi."