Jajayen Ɗigo a Jikin Baƙuwa

A daminar 1955 Baba Rabo na Pauwa ya faɗo daga kan rumbu yana gyaran jinka, ƙugunsa ya goce. Mai ɗori ya zo ya yi iya yinsa, amma tsohon ya kasa tashi. 'Yarsa Suwaibatu, wadda ke aure a Sabuwa, ta baro ɗakinta ta zo jinya, don ba kowa a gidan sai ƙanwarsa, Gwaggo Mero, ita ma ƙarfinta ya ja baya.

Da fari ko kunu ba ya karɓa. A fito da shi a kwantar gindin lemun tsamin da ke tsakar gida, ya juya fuska ga danga har rana ta faɗi. Abin da ya dawo da shi cikin mutane wata hawainiya ce da ta sauko kan reshen da ke saitin kansa. Mero ta rarumo muciya za ta make ta, ya ɗaga hannu ya ce a bar ta, baƙuwarsa ce. Sunan da ya bi ta ke nan. Ya sa ana ajiye ragowar fura a sakaina don ƙudaje su taru mata, Suwaibatu kuma ta riƙa kamo fara da sassafe tana miƙa mata a tsinke. Kafin gero ya fitar da kai, Baƙuwa ta saba har tana takowa kan hannunsa. In ta ci, shi ma sai ya ce a kawo masa nasa.

Wata safiya Suwaibatu ta miƙa fara, Baƙuwa ba ta ko juyo da ido ba. Ta yi duhu, tana ta goga gefen fuskarta a jikin reshe. Da Suwaibatu ta matsa kusa, sai ta ga wasu jajayen ɗigo kamar an barbaɗa garin barkono, a gefen idon hagu, da hammata, da ƙarƙashin maƙogwaro. Ta ce a ranta wataƙila launi ne, tunda halittar kullum cikin sauya kama take. Ta jefar da farar a bayan tukunya, ta gaya wa mahaifinta ta ci.

Kashegari ɗigon suna nan inda suke, sun ma ƙaru. Hawainiyar ta yi kore, ta koma toka-toka, su ba su sauya ba.

"Hwaɗa mani gaskiya," in ji Baba Rabo. "Jiya ma ba ta ci ba ko?"

Suwaibatu ta amsa masa cewa ba ta ci ba. Ranar ƙoƙon kununsa ya huce a gefen tabarma bai taɓa ba.

Ta yago farin ƙyalle, ta jiƙa, ta shafa a hankali a hammatar Baƙuwa, ta fito rana ta ƙura ido. Ɗigo biyu sun biyo ƙyallen. Ta daɗe tana kallo kafin ta ga ɗaya ya motsa, yana jan jiki a kan zare. Ta danne shi da farce, ya bar ɗan jan tabo. Ƙwari ne, jininta suke sha.

Mero ta leƙa ta ce irin na akurkin kaji ne, kuma akurkin ga shi nan jingine da gindin lemun. Ta ce a shafa mata kananzir kamar yadda ake yi wa ƙafar kaza, ko kuwa a karɓo farar hodar nan da malaman dabbobi suka ba maƙwabcinsu. In ma ba haka ba, a kai ta daji a yar tun ƙwarin ba su koma jikin majinyaci ba, ga shi bayansa ya fara salewa da kwanciya. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi tayar wa Suwaibatu da hankali. Ta kakkaɓe tabarmarsa, ta duba wuyan rigarsa da gashin ƙirjinsa, ba ta ga komai ba, amma ta sake dubawa kafin azahar. Kananzir kuwa har ta buɗe kwalbar, warin ya bugi hancinta, ta dubi fatar Baƙuwa mai laushi kamar ganye, ta mayar da murfin.

Da rana Barakatu, mai kawo nono daga rugar da ke wajen Ketare, ta shigo. Suwaibatu ta nuna mata. Barakatu ta ja da baya, ta ce ita ba ta taɓa jin an yi wa hawainiya magani ba. Abin da ta sani, in ƙananan kaska suka kama gefen idon ɗan maraƙi, man shanu suke shafawa su saki, ba sa kai kananzir kusa da ido. Ta ce kada a kama sunanta in abin ya ɓaci.

Baba Rabo ya ce shi zai riƙe ta. Aka jingina shi da turmi, Baƙuwa ta hau hannunsa da ƙyar. Suwaibatu ta tsoma gashin kaza a narkakken mai, ta ɗiga a hammata. Hawainiyar ta kumbura, ta yi baƙi ƙirin, ta wangale baki tana huci. Suwaibatu ta dakata.

"Baba, in ta mutu a hannuna fa?"

"In kin bar ta ma mutuwa za ta yi. Ci gaba, ɗiyata."

Ta naɗa auduga a tsinke tana ɗauke ƙwarin ɗaya bayan ɗaya. Na gefen ido suka fi wuya, don idon juyawa yake yana bin tsinken. Da ta gama ta ɗauraye ta da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ta sa ta a sabon kwando da ɗanyun rassa, ta rataye a bakin ɗakin Baba. Mero, tana mita, ta janye akurkin zuwa bayan gida, ta ƙone tsohuwar ciyawar ciki, ta zuba toka mai zafi a wurin.

Aka maimaita shafawar da safe kwana biyu ko uku, ɗigon suka ragu. Amma Baƙuwa ba ta ci ba, sannan wata safiya aka wayi gari jikinta ya yi fari fat, fatar ta tsage a gadon baya. Suwaibatu ta zauna daɓas a ƙasa. Ta tabbata man ne ya dafa ta. Ta rasa yadda za ta juya kwandon don kada Baba ya gani, shi kuwa ya riga ya gani, yana ta jan carbi. Wunin ranar ba a ɗora tukunya da wuri ba.

Wajen la'asar Baƙuwa ta fara murza jiki a reshe. Farar fatar ta riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa, sabuwa koriya shar ta bayyana a ƙasa. Saɓa take yi. Suwaibatu ta bi hammata da maƙogwaro da farin ƙyalle, ya fito tas. Idon hagun dai bai buɗe sosai ba, kuma da aka miƙa mata fara sai da harshenta ya kuskure sau da yawa kafin ta kama.

Bayan an yanke gero mijin Suwaibatu ya aiko ta koma, auduga ta kusa isa tsinka. Ta tafi zuciyarta a rabe, ta yi ta jaddada wa Mero a riƙa duba gefen idon nan, kada kuma a bar kaji su dawo gindin lemun. Kowace ranar kasuwa sai ta aika a tambayi fataken da suka biyo ta Sheme ko akwai mai labarin Pauwa. Sai tsakiyar rani wani mai jakai ya ce ya ga Baba Rabo a ƙofar masallaci, yana dogara sanda biyu. Ta sa aka tambaye shi hawainiya fa. Mutumin ya yi dariya, ya ce shi bai shiga cikin gidan ba.