Sunan Ibram a Saman Ƙofa

Duk Gure an san Manzo magini da hali ɗaya: ba ya iya ganin karkataccen abu ya wuce. Ko tukunya ya tarar a jirkice a tsakar gida, sai ya gyara mata zama kafin ya amsa sannu da zuwa. Amma shekaru sun taru masa, kuma tun da wani bango da ya gina a Gidigir ya tsage bayan damina, aka fara raɗe-raɗin cewa idon Manzo ya soma tafiya. Maganar ta zo kunnensa, ta kuma tsaya masa a rai, don magini in aka ce idonsa ya tafi, ba mai sake kiransa aiki.

A shekarar ne Ibram, mijin autarsa Biba, ya dawo daga aikin sojan Faransi da keken ɗinki, ya kama ɗan shago a bakin kasuwa. Yana so a yi masa sunansa da laka a saman ƙofa, yadda ake yi wa zaure ado. Sai ya aiko Biba da murfin akwatin shayi mai rubutun Nasara a jiki, da allon da ya zana sunansa a kai da gawayi, irin fasalin na akwatin sak.

Manzo ya daɗe yana kallonsu. Baƙaƙe ne masu ƙiba, waɗanda ko daga nesa sai ido ya faɗa kansu, wani gefe kauri, wani gefe siriri, kowanne da 'yan ƙafafunsa a shimfiɗe a ƙasa. Sun burge shi ƙwarai. Abu ɗaya ne ya dame shi, duk sun kwanta dama kamar geron da iska ta bi ta kansa.

"Allah sarki, hannun yaron bai zauna ba," in ji shi. "Shi kuma mai akwatin, sakaci ya yi."

Ya kwaɓa laka, ya hau tsani, ya yi wa surukinsa alheri iyakar ganinsa: ya miƙe kowane baƙi ya tsaya cak, ya shafe su da farar ƙasa. Da Ibram ya zo, ya tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa, ya yi godiya kansa a sunkuye. Manzo ya koma gida yana jin daɗin kansa.

Biba ce ta ɓata masa wannan daɗin. Ita auta ce, bakinta ba ya jin nauyin ubanta. Ta tarar da shi yana wanke ƙafa, ta zauna a gefen tabarma.

"Baba, ka san tun da ka gama aikin nan Ibram bai ɗaga kai ya dubi ƙofar ba?"

"Kunya ce."

"Ba kunya ba ce, kwanciyar ce abin da yake so. A Dakar ya gan su a saman kantuna, ya ce kamar tafiya suke, suna sauri, mai wucewa sai ya tsaya. Shekara da shekaru yana cewa in Allah ya ba shi shago, haka sunansa zai fito. Ya hana ni faɗa maka. Ya ce zai zauna da su a haka har ƙarshen ransa."

Manzo ya ajiye buta. "In na karkatar da su, kin san abin da kasuwa za ta ce."

"Na sani, Baba. Shi ma ya sani, shi ya sa ya hana ni."

Tausayin yaron ya kama shi. Washegari da sassafe ya ɗauki tsani, ya kankare aikinsa da hannunsa, ya sake kwaɓa laka. Nan ya gane ashe karkatarwa ta fi miƙewa wuya. Ƙafafun dole su zauna daram a kan layi, jikin ne kawai ke kwanciya, kuma in ɗaya ya fi ɗan'uwansa kwanciya, duk sunan ya zama shirme. Ya fiƙe kara, ya ɗaure shi a karkace, yana gwada kowane baƙi da shi yana tsaki. Da ya sauko ya ja da baya, sai ya ga lalle tafiya suke.

Ranar kasuwa Illa mahauci ya tsaya a gaban shagon, ya karkata kai, mutane suka taru. A cikin shagon, keken Ibram na ta ƙara. Da Illa ya hango Manzo, sai ya ɗaga murya.

"Manzo, jiya-jiya suna tsaye, yau sun bugu? Ko dai gaskiya ne abin da ake faɗa?"

Amsa tana bakin Manzo, kuma da ita zai wanke kansa. Amma in ya ce mai shago ne ya so haka, kafin azahar Gure ta ɗauka cewa Ibram ya sa surukinsa ya rushe aiki ya sake, ya bar kunyarsa a bariki. Tela baƙon sana'a ba zai tashi daga wannan ba.

Manzo ya murza idonsa da bayan hannu, yadda kowa zai gani.

"Ido ne, Illa," in ji shi. "Girma ya zo."

A cikin shago, keken ɗinki ya tsaya.