Baba Dabo a Layin Masu Ciki

Ko sallama Khairunnisa ba ta ƙarasa ba ta faɗa gidan, goyo a baya, ga ciki a gaba.

"Inna Talatu! Inna! An samu maganin Baba!"

Baba Dabo, maƙwabcinsu mai gyaran keke, yana kwance bisa tabarma a ƙofar ɗaki, idanunsa sun koma ruwan ɗorawa. Tun da likitocin Katsina suka ce ciwon daji ne a wata tsoka bayan tumbinsa, ya rantse ba mai taɓa shi da wuƙa ko allura. Ai kowa a Zango ya san daji ba ya son ƙarfe, ana taɓa shi sai ya harzuƙa.

"Wallahi a wajen awo na ji wata nas tana faɗa! Irin na'urar da aka haska min ciki yau, namiji ne ma, Inna! Wai saita ta ake yi, ta tara zafi a kan ciwon kaɗai, ta ƙone shi ta waje. Ba yanka!"

Baba Dabo ya ɗago kai. "Ba ƙarfe?"

"Ko allura babu, Baba."

Ya dubi matarsa. "Talatu, ɗauko min babbar rigata."

Nan fa Khairunnisa ta dube shi da kyau. Mutumin da ko koko ba ya zama a cikinsa! Sai yanzu ta tuna, don ɗoki ba ta tsaya ta ji ƙarshen zancen nas ɗin ba.

"Baba, a bari na sake tambayowa mana."

"Wa ya ba ni gobe, 'yar nan?"

Duk ramin da motar Daura ta faɗa sai ya yi nishi. A asibiti aka zaunar da shi bisa bencin masu ciki. Wata mai baki ta ce, "Baba, wata nawa?"

"Haihuwa yau ko gobe, ja'ira."

Maharazu, mai haska cikin, ya saurare su tsaf, sannan ya durƙusa gabansa.

"Baba, akwai wannan aikin, amma sai ƙasar waje. Can ɗin ma ba kowa yake warkarwa ba, wani raɗaɗin kawai yake rage masa. Tamu na'urar gani kawai take yi."

Khairunnisa ta dafa bango.

"To ɗora min dai, tunda na zo," in ji Baba Dabo.

Maharazu ya shafa masa man nan mai santsi, ya ɗora masa kan na'urar. Baba Dabo ya lumshe ido.

"Ke kin ce zafi. Wannan ai sanyi ne kamar gindin randa. Bar ta nan, ɗana. Tun damina wurin nan bai lafa ba."

A hanyar komawa, ana hango gidajen Zango, kan Baba Dabo ya zame bisa kafaɗar Inna Talatu, bai ƙara numfashi ba. Direba ya gangara gefen gona yana salati.

"Inna, ni na fito da shi! Ni ce!"

"Yi shiru, ɗiyata. Da bakinsa ya nemi rigarsa. Sauko da yaron nan, kuka yake."

Inna Talatu ta ɗage rigar a hankali. Akwai sauran man a gefen cibiyarsa, yana ƙyalli. Ta sa bakin mayafinta ta goge, ta mayar da rigar, ta gyara masa wuyanta.