Makullin Famfo

Tun hantsi Mai Wanki take zarya a tsakar gidan haya. Zannuwan otal baho uku na jiranta, yau za a zo karɓa, in ta saɓa kuma aikin ya kuɓuce mata. Ga famfo a gabanta, an garƙame shi da ƙaton kwaɗo.

Makullin yana wuyan Mai Walda na bene. Bara da ruwa ya yi wuya ne 'yan haya suka damƙa masa, ya riƙa raba musu kafin abu ya daidaita. Ruwa ya dawo, makulli bai dawo ba.

"Kama-karya ke nan," in ji maƙwabcinta Malamin Tarihi, buroshinsa a bushe. "Ya kama, ya karya, ba mai cewa don me. Kalmar Turawa kuwa, wato dikteta, daga Rumawan zamanin da ta fito. In yaƙi ya taso sai su ba mutum ɗaya iko duka, bayan wata shida ya mayar."

"Namu ya zarce shekara, Malam. In ya ƙi fa, yaya suke ƙwacewa?"

"To... wannan sai na duba littafi."

Ba ta jira littafi ba. Farar rigar Mai Walda tana cikin wankinta, yau kuma 'yarsa ke karɓar digiri! Ta dulmiya ta a ragowar ruwan sabulu, ta ɗaga sama.

"Ranka ya daɗe! Leƙo ka ga rigarka!"

Ya sauko a guje daga shi sai singileti. "Ke! Ɗauraye ta maza!"

"Da yawun bakina? Sai la'asar ake buɗewa, dokarka ce."

Ƙofofi suka fara buɗewa, ana ƙunshe dariya. Ya nufi kwaɗon, ta tare shi, ta saito rigar kan kwata.

"Makulli a hannuna, ko riga a kwata."

"Haba uwar ɗaki..."

Ta saki hannun riga ɗaya. Ya wurgo makullin.

Ruwa ya ɓarke, gida ya ɗauki ihu, bokitai na karo da juna. Malam ya matso da kofinsa yana washe baki. Mai Wanki ta rataya igiyar makullin a wuyanta, ta ji sanyin ƙarfen a ƙirji.

"A ja layi! Ba mai ɗiba sai na gama da otal."

"Makullin fa, maƙwabciya?"

"Zan ɗan riƙe, Malam. Kafin abu ya daidaita."