Kafar Iska a Falon Merv

"Ɗaga ɓangarenka, Tevita, za ka kankare min fenti," in ji Noeline.

Surukin nata ya ɗaga. Shi da matarsa Kerryn suka turo ƙaton kabad ɗin katako har ya manne da bango, suka tsaya suna haki. Karo na huɗu ke nan tun safe da suke canza masa wuri.

Matsalar ɗaya ce. Jiya aka sallamo Merv, mijin Noeline, daga asibitin garin Ballarat bayan wata biyu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki kuma ya tafi. Gadon asibitin da aka kawo masa ba ya shiga ƙofar ɗakin kwanansu, dole sai falo. Falon kuwa bango ɗaya ne mai tsawo a cikinsa, sauran duk tagogi ne da ƙofofi, kuma a tsakiyar wannan bangon, daf da ƙasa, wanda ya gina gidan ya dasa wata ƙatuwar kafa mai ragar ƙarfe. Ta nan injin ɗumama gida yake zuƙar iska, ya gasa ta, ya turo ta ta bututu zuwa ƙananan kafofin da ke daɓen kowane ɗaki. Shekara arba'in da biyu Noeline tana zagin magini a kan wannan kafa.

"Mama, kin san an ce kada a toshe ta," in ji Kerryn.

"An ce, an ce. Kabad ɗin yana da ƙafafu, iska ta bi ta ƙasa. In ba nan ba ina zai zauna? Na uwata ne."

"Ni dai in bayana ya karye, a gadon Baba za ku kwantar da ni," in ji Tevita. "Shi ya koma kan kabad."

Merv yana zaune a keken marasa lafiya kusa da ƙofa, bargo a gwiwa, yana bin su da ido. Da can shi ne mai surutun gidan. Shekara arba'in yana aske ulun tumaki a gonakin yamma, ba a taɓa raba shi da labari ba. Yanzu sai "e" da "a'a", su ma yakan musanya su, in ya ga an ƙura masa ido ana jira sai ya kau da kai. Likitar magana ta ce a yi haƙuri, ta yiwu ya dawo, ta yiwu kuma iyakarsa ke nan.

Suna cikin daidaita gadon a gefen taga sai injin ya yi wani ƙaras, ya yi shiru. Watan Yuli ne, tsakiyar hunturu a wannan ƙasa, raɓa ta daskare a kan ciyawa har ƙarfe goma na safe. Cikin minti kaɗan sanyi ya fara shigowa ta ƙafafu.

"Ya shaƙe," in ji Tevita. "Ya yi zafi ya kashe kansa. Mama, ki toshe min hanci ki gani ko zan yi aiki."

Noeline ta yi musu nuni da hannu. Suka sake janye kabad ɗin zuwa tsakar falo. Don a sami hanyar wucewa, Kerryn ta tura keken mahaifinta zuwa jikin bangon, daidai bakin ragar, ta gyara masa bargo. Tevita ya fita bayan gida duba injin. Kerryn ta shiga kicin ɗora shayi. Noeline kuwa ta nufi ɗakin kwanansu can ƙarshen gida, don ta ji ko ɗumi ya fara dawowa.

Ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyi suna ƙara, ta ɗora tafin hannu a kan ƙaramar kafar da ke daɓe. Babu iska. Ta yi nufin tashi ke nan sai ta ji wani abu yana fitowa daga ciki, siriri, kamar rediyon maƙwabta.

Ta sunkuyar da kai. Murya ce. Namiji ne yake waƙa a hankali, bututun ƙarfen yana ƙara mata wani amo mai zurfi kamar daga cikin rijiya.

"Ruwa ya ɗauke, ulu ya bushe, 'yar Baba yi barci, tumaki sun koma gida."

Ta gane ta nan take. Waƙar da Merv ya ƙirƙira ce da bakinsa lokacin da Kerryn take jaririya mai kukan ciki, yana zagaya falo da ita a kafaɗa. Ba wanda ya san ta a duniya sai su uku. Kuma ga kalmomin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, cikakku, babu tuntuɓe, daga bakin mutumin da jiya ya kasa kiran sunanta.

Noeline ta kwanta rub-da-ciki a kan kafet, ta manna kunne da ragar mai sanyi. Tana jin har inda yake jan numfashi. Ya kai ƙarshe, ya ɗan tsaya, ya sake ɗaukowa daga farko.

Kerryn ta leƙo da kofi a hannu. "Mama! Faɗuwa kika yi?"

Noeline ta ɗora yatsa a leɓe, ta yafito ta. Kerryn ta ajiye kofin ta durƙusa. Ta saurara. Sai ta rufe baki da hannu biyu, hawaye suna bi ta tsakanin yatsunta. Suka zauna haka, kai da kai a kan daɓe, mace mai shekara saba'in da 'yarta mai arba'in da ɗaya, ba mai motsi, har injin ya yi gurnani ya tashi, iska mai ɗumi ta buso musu a fuska ta tafi da muryar.

A baranda suka ci karo da Tevita ya shigo, ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

"Kun ji?" ya tambaya da raɗa. "Na buɗe murfin injin sai na ji mutum a ciki. Na ɗauka kaina ne ya taɓu."

Da suka shiga falo Merv yana nan yadda aka bar shi, idonsa a kan taga, bakinsa a rufe. Kerryn ta yunƙura za ta ruga gare shi, uwar ta riƙe mata hannun riga. Ta san mijinta. In aka taru a kansa ana murna ana cewa ya sake, zai kau da kai, ta yiwu a yi wata guda ba a ƙara jin sa ba.

Ta ɗauko tsumma ta shiga goge saman kabad ɗin, ta ba shi baya. Can sai ta fara waƙar ƙasa-ƙasa, kamar mai yi wa kanta. Muryarta ba ta taɓa yin daɗi ba, yau kuma tana rawa.

"Ruwa ya ɗauke, ulu ya bushe, 'yar Baba yi barci, tumaki sun koma…"

Ta tsaya nan, ta ci gaba da goge-gogenta. Iska tana shiga raga, shuuu. Tevita ya ƙura wa takalmansa ido.

"Gida," in ji Merv.

Noeline ba ta juyo ba. Ta ninke tsumman biyu, ta sake ninkewa, sai da ta tabbata muryarta za ta fita daidai.

"Tevita, ku jawo gadon nan jikin bangon, kan gadon kusa da ragar, ku bar mata taku biyu ta sha iska."

"To kabad ɗin fa, Mama?"

Ta shafa katakon sau ɗaya.

"Ku kai shi gareji."