Jaka Ta Goma Sha Bakwai

Usmanu maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa ce ta kashe ɗorawar mahaifiyarsa. Ban san wata hanya mai laushi ta faɗin wannan ba, ba kuma nemanta nake yi ba.

'Yar ƙanwarsa, Nazifa, ilimin tsirrai ta karanta. Ta shekara biyu tana yawo tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, tana tsinkar ganyen ɗorawa ana aunawa. Awon ya nuna tsofaffin ɗorawar kwarin Rima suna da wani gado a cikin ƙwayoyin halittarsu, gadon jure dogon rani, wanda na kudu ba su da shi. Arba'in kacal ta samu a tsaye, kuma kowace tana riƙe da abin da 'yar'uwarta ba ta da shi. Sai ƙungiyar da take wa aiki ta ce a ɗebo kalwa daga kowace bishiya daban, a rene ta a gandun renon itatuwa na Birnin Kebbi.

Nazifa ce ta roƙa aka ba kawunta aikin, don yana da babur, ya kuma san gonaki. Ta miƙa masa jakunkuna arba'in, kowace da lambarta.

"Kawu, don Allah kada a haɗa su. Kowace uwa da jakarta."

"Ke ɗiyata, kalwa ai kalwa ta," in ji shi yana dariya. "Amma tunda boko ya ce, an gama."

Bishiya uku ya je. Ranar bazara ta gasa shi, ya juyo da babur zuwa kasuwa, ya sayi buhun kalwar da mota ta kawo daga kudu. Ya zauna a zaurensa na unguwar Badariya, ya cika sauran jakunkunan da hannu, ya ɗaure.

* * *

Lamba ta goma sha bakwai ita ce ɗorawar Inna Baiwa, mahaifiyarsa, a gonarsu ta bayan Argungu. Shekara hamsin tana daddawa da kalwarta. Usmanu ya daɗe yana son a sare ta, wai inuwarta tana hana shi noman albasa, tsohuwa tana ƙi. Da kalwa ta tsiro a gandu, sai ya samu bakin magana.

"Inna, mi kike tsoro? Ɗiyanta suna can Birni, jere guda. Nazifa da kanta ka ba su ruwa."

Inna Baiwa ta ce, "In dai ta bar baya, to."

Hodi mai gawayi ya kwana uku yana sara. Usmanu ya sa aka ƙone kututturen, don kada ya toho.

* * *

Da kaka Inna Baiwa ta matsa sai an kai ta ta ga 'ya'yan bishiyarta. Nazifa ta nuna mata jeren, ta kuma ɗauko mata jakar da ragowar kalwa a ciki. Tsohuwa ta zuba a tafinta, ta murza, ta sa ɗaya a haƙori.

"Wagga ba tawa ta ba."

"Kai, tsohuwa, ido ya tsufa," in ji Nazifa.

"Idona ya tsufa, 'yar boko, hannuna bai tsufa ba. Tawa ƙarama ce, baƙa, mai taurin kai, sai ta cinye min itace kafin ta nuna. Wagga ƙatuwar baƙuwa ce." Ta ɗago kai. "To in waɗanga ba ɗiyanta ba ne, mi ya sa na bari anka sare ta?"

A ranar Nazifa ta fara jin an sare bishiyar. Ba ta yi kuka ba. Ta bi jere-jere tana tsinkar ganye, ta aika awo. Bayan mako uku amsa ta dawo: jere uku ne 'yan gida, talatin da bakwai baƙi ne.

Ta sami Usmanu a zaure.

"Kawu, bishiya nawa ka je?"

Ya dubi ƙasa. "Rana ce, Nazifa. Ki rufa min asiri. Wa zai gane? Ganye ne duka kore."

"Rani zai gane, Kawu. Shekara biyar ko goma, sai su bushe, lokacin uwayen duk sun zama gawayi."

Da hannunta ta rubuta wa ƙungiyar rahoton abin da ya yi. Mahaifiyarta ta yi wata guda ba ta amsa mata gaisuwa ba. Ni dai na ce yarinyar ta yi daidai.

Da bazara ta zagayo, ta ɗauki ƙugiyar tsinko ɗorawa da sababbin jakunkuna, ta bi gonakin da kanta, bishiya bayan bishiya. Cikin arba'in ɗin, talatin da huɗu ta tarar a tsaye. Ta cika jakunkunansu. Ta goma sha bakwai kuwa ta ninke ta, ta kai wa kakarta, ba komai a ciki.

An kori Usmanu daga aikin. Hakimi ya ɗora masa ban ruwan sababbin jeren har rani uku, da guga, ba da inji ba. Mahaifiyarsa tana amsa gaisuwarsa, amma har yau ba ta ci albasar gonar nan ba.