Hatimin Shugaba, Tawadar Agnes

A shekarar 1955, duk ranar da jirgin ƙasa daga Ikko zai shigo Kano da gwangwanayen manja, Wasilat kan riga kowa sani. Da sassafe take tahowa daga Fagge ta buɗe rumfarta a Kasuwar Sabon Gari, rumfar da ke ciyar da 'ya'yanta huɗu tun rasuwar mijinta. Allah sarki, kasuwar wancan lokaci! Ko faɗa za a yi, da tsarinsa ake yi.

Masu manja suna da ƙungiya, ƙungiyar kuma tana da tsarin mulkinta, shafi biyu cur. Malam Gidiyon, tsohon akawun tashar jirgi, shi ya rubuta, don a shekarun nan kowa ya buɗe baki sai zancen tsarin mulkin ƙasa. Ya sa wata doka da aka sha dariya a kanta: hatimi a hannun shugaba, tawadarsa a hannun wani daban. Takardar da ba hatimi banza ce, kuma ba a ƙwace rumfar mutum sai 'yan kwamiti bakwai sun ji ta bakinsa.

Shugaba a lokacin Baba Tajudeen ne, mutumin kirki in ba a taɓa shi ba. Wasilat kuwa ta taɓa shi, don a gaban jama'a ta ce ma'auninsa ya lotsa a gindi. Kafin la'asar ya rubuta takardar korarta, wai tana tarar kaya a tasha kafin layinta ya zo.

Nan da nan labari ya iske ta. Ta san mai riƙe da tawada: Agnes, 'yar kwamiti kuma maƙwabciyar rumfarta, wadda shekara biyu ko gaisuwa ba ta haɗa su, a kan rigimar wurin zubar da ruwan wanke-wanke. Wasilat na zaune bayan gwangwanayenta Baba Tajudeen ya iso rumfar Agnes da hatimi a hannu.

"Madam Agnes, kawo tawada."

"Kwamiti ya zauna ne, Baba?"

"Ni ne shugaba."

"Na sani, har da ni aka zaɓe ka. Kwamiti ya zauna?"

"Ke da ba kya ko ƙaunar ganinta?"

"Ko kaɗan. Amma tawada na cikin akwati, makulli na ɗaure a bakin zanena. A tara mutum bakwai."

Ya yi ta huci, har ya hura wa hatimin iskar baki ya danna a takarda. Ko alama ba ta fito ba.

Ran Asabar aka zauna. Wasilat ta faɗi nata, ta kawo mai amalanken da ke ɗauko mata kaya ya ba da shaida. Aka ce masu son a kore ta su ɗaga hannu. Hannu uku suka tashi, na ukun na Agnes ne, ta ɗaga shi sama da na kowa tana kallon tsabar idon Wasilat. Mutum huɗu ba su motsa ba, rumfa ta tsira.

Ran Litinin Wasilat ta tsaya a bakin rumfar Agnes, ta daure ta ce, "Ina kwana, 'yar'uwa."

Agnes ko ɗagowa ba ta yi ba. "Matsa, kin tare mini ciniki."

Ta matsa, ta buɗe rumfarta hawaye na zuba. Ba su taɓa shiryawa ba. Amma har ta tsufa, in jikoki suka tambaye ta wa ta fi yarda da shi a duniya, sunan Agnes take kira.